Shekara Goma Sha Ɗaya Ban Ci Jibin Ubangiji Ba

Zuwa ga ɗiyata Rifkatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ki tun kina cikin tsumma har ga shi kin zama ma'aikaciyar jinya, an kira ki aiki Abuja. Allah ya sa takardar nan ta same ki zuciyarki a kwance. Ya tsare tafiyarki ta ranar Litinin, ke da duk wanda zai shiga motar nan tare da ke.

Na san gida ɗaya muke kwana, ƙofarki na kallon tawa. Amma kin san halinmu. In na buɗe baki kin buɗe naki, kafin a jima duk unguwar Gidan Dare an san abin da muke ciki, mu kuwa ba wanda ya ji ɗan'uwansa. Shi ya sa yau Asabar na zauna a shago na ɗauki biro. Ban yi boko ba, ɗan abin da na iya a ajin manya na coci na koya, gemuna ya riga ya fito. In kin ga harafi ya karkace ki bi shi a hankali, hannun zarto ne.

Maganar ranar Lahadi ce. Kin ce mini da kin sauka Abuja, sabon cocin nan da kike bi a waya za su sake yi miki baftisma, wai a wurin ninƙaya na wani otal, su nutsar da ke gaba ɗaya. Kin ce wadda aka yi miki kina jaririya ba ta cikin lissafi, don ba ki san an yi ba, ba ki kuma ce kin yarda ba. Na ce ba a gidana ba. Kika ce ai dama ba a gidana za a yi ba. Sannan kika faɗi wadda ta tsaya mini a ƙirji kwana shida ke nan.

“Baba, kai da ka shekara goma sha ɗaya ba ka ci Jibin Ubangiji ba, kai ne za ka koya mini abin coci?”

Kin ga na ɗaga hannu, kin ga na sauke. Ba hucewa na yi ba. Ƙidayarki daidai ce, sha ɗaya ne cif har da 'yan watanni. To ga amsar yanzu, in kin ga dama ki karanta har ƙarshe.

Kina da shekara sha biyar lokacin, kin san an yi rigima amma ba ki san tushenta ba. Bencunan cocinmu ni na yi su. Sa'ad da muka zo garin nan daga ƙasarmu ta bakin Binuwai, mu 'yan Lutaran ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. A rumfar zana muke sujada, kowa ya zo da tabarmarsa. Da Allah ya sa aka yi gini, na ce wurin zama aikina ne, kada kowa ya sa mini hannu. Maɗaci na nema, ba farin katakon nan da gara ke yi wa loma ɗaya ba. Na kuma yi dogon katakon nan na gaban bagade, wanda ake durƙusawa a dafa in za a karɓi gurasa da ƙoƙo. Wata uku ina goge shi da sanfefa bayan na tashi daga aikin mutane. Mamarki Saratu ce ta ɗinka matasan da ake sa gwiwa a kai.

Sai yayana ya rasu a gida, na tafi jana'iza, maganar gona ta riƙe ni wata biyu. Ranar da na dawo na biya ta coci in yi godiya. Ban kai ƙofa ba na ga katakon gaban bagade an shimfiɗa shi a kan kwata, mutane na takawa suna tsallakawa. A gabana wani mai ruwa ya tura kurarsa ta kai. Na shiga ciki, ba benci ko ɗaya, sai fararen kujerun roba irin na gidan biki. Inda katakon yake kuwa an jera ganguna da fiyano da wasu lasifika biyu, kowace kamar akwatin gawa.

Istifanus ne shugaban dattawan coci a lokacin, shi na tara. Ya ce matasa na guduwa sababbin coci, dole a bi zamani. Da a nan ya tsaya da na haɗiye. Sai ya ƙara, a gaban mutane, har da mata masu shara, ya ce, “Bencunanka kuɗin cizo suka yi, Bitrus.” Aka yi dariya. Rifkatu, kuɗin cizo ba daga katako suke fitowa ba, a jikin zannuwan mutane suke zuwa, kuma tafasasshen ruwa tukunya biyu ya isa ya gama da su. Har yau ina kan bakana, ba a kyauta mini ba. Ba zan ce an kyauta ba don in burge ki. Na nemi baro na ɗauko katakona na kawo gida. Shi ne wanda kike gani a bayan shago, kaji na kwana a kai.

To ga inda nawa kuskuren ya shigo. Kin san al'adarmu. Ranar Asabar da yamma kafin Lahadin Jibi, duk mai son ci zai je a rubuta sunansa, a yi furcin zunubi tare, fasto ya ce wanda yake da abu a zuciya game da ɗan'uwansa ya je su shirya. Istifanus kuma shi ke bin bayan fasto da ƙoƙo. Lokacin ƙoƙo ɗaya ne, ka kurɓa ya goge bakin da ƙyalle ya miƙa wa na kusa da kai. Na ce a raina ba ni sha daga hannun mutumin nan. Na kuma ce zuciyata ba ta da tsabta, bari in jira ta huce, kada in ci hukunci. Wannan ta biyun ita ta cuce ni, don ta yi kama da tsoron Allah. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, ina jin kaina mutumin kirki da ba ya wasa da teburin Ubangiji. Coci kuwa ban fasa zuwa ba, kin sani. Da 'yar kujerata ta katako nake zuwa, in zauna a bakin ƙofa, don na rantse ba ni zama kan roba. In jama'a suka tashi suka yi layi, ni sai in kama kallon fanka.

Ɗiyata, duk cocin da kika shiga wani zai ɓata miki rai. Ba ko shakka. Dattijo ne, ko matar fasto, ko wadda kuke waƙa tare. Ki tare shi ki faɗa masa a fuska, ki yi fushinki, ba ni ne zan hana ki fushi ba. Amma kada ki yi haushin kaza huce kan dami. Teburin ba na Istifanus ba ne. Kada kuma ki ce sai kin gyaru za ki matso. A ajin tabbatar da bangaskiya na coci an koya mana cewa Jibi ba tukuici ba ne da ake ba wanda ya yi ƙoƙari, gafara ce ake sa wa mai zunubi a baki. Na haddace wannan, na amsa shi a gaban jama'a da farar riga, na zo na zauna a kansa shekara sha ɗaya. Fushi ba ya hucewa don an ajiye shi. Kamar gam yake, daɗa ƙamewa yake yi.

Abin kunya, wanda ya fara faɗa mini gaskiya ba ma ɗan coci ba ne. Malam Garba mai hatsi ne, maƙwabcin shagona. Shekara talatin muna raba inuwar dalbejiya ɗaya, ya san ranar Jibinmu kamar yadda na san ranar da suke ɗaukar azumi. Wata rana mamarki ta kai masa ƙarata, ya bari sai da na zauna cin rogo ya ce, “Kafinta, ni in nay yi hwaɗa da ladan, salla ni ka bari? Kai da Istifanus kunka ɓata. Ina ruwan Allah da benci?” Na ce masa ya tsaya ga gero da dawa, abin coci ba a auna shi da mudu. Ya yi dariya ya ce to Allah shi ba ni haƙuri. Kwana uku ban gaishe shi ba. In wanda ba addininku ɗaya ba ya faɗa miki gaskiya, ki karɓa. Ni ban karɓa ba.

Kada ki ɗauka duk sabon abu nake ƙi, ko da yake na ƙi da yawa. Ba na son waƙar da ake maimaita layi ɗaya har mutum ya manta abin da yake faɗa. Ba na son yadda aka tura sujadar Hausa can sassafe aka ba ta Turanci tsakiyar safiya, kamar mu ne baƙi. Ba na son allon da hoton fasto da matarsa ya fi gicciye girma, ko yaran da ke ɗaukar mutum a waya yana kuka a gaban Allah. Amma na tuna ubana ya taɓa fita daga sujada a ƙauye don mata sun shigo da kiɗan tulu, ya ce an maida ɗakin Allah dandali. Yau kiɗan tulun nan nake kewa. Saboda haka ba ni cewa fiyano zunubi ne. In kin shiga coci a Abuja, kada ki tsaya ga kiɗa, kowa ya iya kiɗa yanzu. Ki saurara ko ana karanta Maganar Allah da ɗan tsawo, ba aya ɗaya a rufe a shiga labarin mota da gida ba. Ki ji ko akwai inda ake cewa mun yi zunubi, a kuma ce an gafarta mana saboda Almasihu. Ki duba ko ana shimfiɗa teburin. In kin fito, ki tambayi kanki wa aka fi ambata yau, Yesu ko mai makirfo.

Yanzu maganar mamarki. Wannan ban taɓa yin ta da kowa ba.

Shekara biyu da rigimar benci ciwon ƙoda ya kama ta, ƙafafu suka kumbura. Da yake na ɓata da dattawa, sai na ji nauyin kiran fastonmu. Wani da na yi wa ƙofa ya ba ni labarin wani mutum can bayan Arkilla, wai annabi, yana tara jama'a a wani shagon haya da rumfa a gaba. Sau uku na ɗauke ta a keke na kai ta, ke kina makaranta. Ya shafa mata mai a goshi, ya tura ta har ta kusa faɗuwa, ya ce ta zubar da maganin asibiti ta furta da bakinta cewa ta warke. Ta furta. Allah ya sa ba ta zubar da maganin ba, ta fi ni hankali. A zuwa na uku da ya ga ƙafafun suna nan yadda suke, sai ya ce a lasifika akwai wata a nan da ta toshe wa kanta hanya, bangaskiyarta ba ta kai ba. Kowa ya juyo ya dube ta.

A keke muna dawowa, mun kusa gida, sai ta yi magana. Ta ce, “Baban Rifkatu, wai da gaske bangaskiyata ce ba ta kai ba?”

Matar da tun da na aure ta ba ta taɓa fashin taron mata ba. Matar da ke waƙar yabo tana tankaɗe. Ta shiga wurin nan da ciwo ɗaya na fito da ita da biyu, kuma ni na kai ta.

Ita da kanta ta aike ki kiran tsohon fastonmu, Allah ya ji ƙansa. Da hantsi ya zo da ɗan akwatinsa, Istifanus na biye da shi riƙe da ƙoƙo. Kina ɗakin, ba sai na ba ki labari ba. Na ga Istifanus ya sunkuyo ta ƙofata na miƙe. Mamarki ta ce in zo mu ci tare. Na ce na bar gam a kan wuta a shago. Ba gam ba komai. Na je na ɗauki zarto na yi ta yankan wani katako da ba ya bukatar yanka, don kada in ji waƙarku ta katanga. Da na dawo ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi ci mini rai. Ta ce ta yi wa fasto tambayar nan da ta yi mini a keke. Ya ce mata ba a duba ƙarfin hannun mai karɓa, abin da aka sa masa a hannu ake dubawa, ko hannun na rawa gurasar ba ta raguwa. Ta ce hankalinta ya kwanta. Kwana takwas bayan nan muka binne ta.

Kin ga fitata ranar nan. Ba ki taɓa yi mini maganar ba, amma ina lura, tun daga lokacin kika fara ja da baya, yau ki tashi zuwa gaba, wata uku ki zauna. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni na koya miki zama.

Abin da zan ce miki a nan kaɗan ne. Duk inda aka ɗora bangaskiyarki a sikeli, aka ce ciwonki ko rashin mijinki ko rashin ƙarin girma a aiki alamar ba ta cika ba ce, ki ɗauki jakarki ki fita, ko ana tsakiyar addu'a. Bangaskiya ba dako ba ne da muke yi wa Allah ya sallame mu. Hannu ne kawai da aka buɗe. Ke da za ki tsaya kan marasa lafiya kullum, kada bakinki ya taɓa faɗa wa wani abin da mutumin nan ya faɗa wa uwarki.

Saura baftismarki, wadda kika ce ba ta cikin lissafi. Katin yana cikin akwatin mamarki da sa hannun tsohon fasto, shi ya sa kike tsammani shi ya yi miki. Ba shi ba ne.

Bakwaini aka haife ki, cikin bazara, irin zafin garin nan da ƙarfe ke ƙona hannu. Rana ta biyar kika daina kama nono, jikinki ya yi fari fat kamar toka, kukan ma ya tsaya. Fasto ya yi tafiya taro, ba waya a hannun kowa lokacin. Ni kuma na dawo da azahar daga gyaran rufin wata mata mai burkutu, ta ba ni ƙwarya biyu na shanye. Hannuna duk gam da tsatsar ƙusa. Da safen nan ma na zagi wani har uwarsa a kan aikin tebur. Haka na shigo na tarar da Saratu riƙe da ke. Ta ce in yi miki baftisma. Na ce ta yi hankali, ni ba fasto ba ne, ga shi ma ina wari. Ta ce an koya mana a aji, in rai na bakin fita kuma ba fasto kusa, duk Kiristan da aka yi wa baftisma zai iya yi. Ta ce ita hannunta ba ya ɗaguwa.

Na ɗebo ruwa a randa da moɗa. Ba mu riga mun zaɓi suna ba, sai sunan uwata ya zo bakina, shi ya sa kike Rifkatu. Na zuba miki a ka sau uku, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Rabin ruwan a zanen mamarki ya zube. Daga nan muka ruga asibiti. Ba ni cewa ruwan randa ne ya warkar da ke, masu irin aikinki ne suka sa miki roba a hanci suka yi ta fama har kika dawo. Amma da kin tafi a hanya ranar nan, da kin tafi da sunan Allah a kanki.

Da fasto ya dawo na same shi a gida. Na faɗa masa komai, har burkutun da zagin. Na roƙe shi ya sake yi miki mai kyau a coci, a gaban jama'a, da hannu mai tsabta. Ya tambaye ni ko ruwa na zuba, na ce ruwa. Ya tambaye ni sunan da na kira, na faɗa masa. Ya ce, “To me zan sake, Bitrus? Wanda ya yi aikin bai sha burkutu ba. Kai moɗa kawai ka riƙe.” Ranar Lahadi ya ɗaga ki a gaban jama'a ya shaida musu an riga an yi, ya yi addu'a, ya rubuta kati, bai ƙara ɗigon ruwa ba. Burkutun kuwa ya sa ni horo wata uku a kansa, ya ce wannan maganar daban ce. Mamarki ta so a faɗa miki tun kina ƙarama, ni na hana don kunyar ƙwarya biyun nan. Wannan ma kuskurena ne. Da kin tashi da labarin, da wani bai zo ta waya ya ce miki ba a yi komai ba.

Kin ce ba ki san an yi ba. Gaskiya ne. Nonon da kika sha ma ba ki san kin sha ba, ga shi ya zama ƙashin da kike tsaye a kai. Abin da muka riƙe ke nan mu 'yan Lutaran, ko da ba mu iya tsalle ba: Allah ne ke fara zuwa. Bai jira kin yi wayo kin ɗaga hannu ba, ya zo kina kwana biyar, ba ki iya ko kuka. Abin da kike ji a zuciyarki yanzu ban raina shi ba. Na ga kina tashi addu'a, na ga kin bar wasu ƙawaye, na gode wa Allah. Amma in don kin ji wani abu za a nutsar da ke, ranar da kika daina ji fa? Za ta zo, kowa tana zo masa. Akwai yaron da na sani a unguwar nan, coci uku baftisma uku, yanzu ba ya zuwa ko'ina. Rijiyar da aka haƙa miki tana nan da ruwanta. Guga za ki zura, ba sabon rami ba.

Kwana shidan nan ina ta shirya yadda zan kayar da ke da wannan labari. Ranar Laraba ina cikin buga ƙusa sai abin ya juyo kaina. In hannuna mai gam da warin burkutu bai ɓata baftismarki ba, yaya hannun Istifanus zai ɓata ƙoƙo? Shi ma riƙewa kawai yake yi. Shekara ashirin da shida na san wannan a kanki, ban taɓa saninsa a kaina ba. Sai da kika yi mini rashin kunya. Rashin kunya ce, kada ki ƙara, amma ta yi aiki.

Shekaranjiya Alhamis na hau keke na tafi Arkilla wurin Istifanus, a gidan ɗansa inda yake zaune yanzu. Ciwon suga ya cinye shi, ido ɗaya ya tafi. Ya tarbe ni kamar jiya muka rabu, ya sa aka kawo ruwa. Na ce maganar benci ta kawo ni. Ya ce wane benci. Sai da na tuna masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka ciwon gwiwa ke hana ni tashi zuwa gaba, har yana sa ni a addu'a a kan gwiwar. Ya ce katakon kan kwata ba shi ya sa ba, magina ne. Amma bencuna kam sun yi kuɗin cizo, ko gobe aka tambaye shi zai faɗa. Haƙuri bai ba ni ba. Ina jira ina jira, bai bayar ba. Na shanye ruwansa na tashi. A bakin ƙofa ya ce, “Sai Lahadi, Oga Kafinta.” Na dawo gida na fi yadda na tafi fushi. Shekara sha ɗaya ina dakon mutum a ƙirji, shi ko nauyina bai sani ba.

Duk da haka ɗazu da la'asar na je shirin Jibi. Sabon faston nan da bai fi sa'arki ba ya ɗago ya dube ni ya sake duba littafinsa, sunana ba ya cikin na yanzu, sai da aka ɗauko tsoho. Na ce masa kada ya yi murna da wuri, ban huce ba. Na je wurin Istifanus, ban samu abin da na je nema ba. Ya tambaye ni ko ina so in ci gaba da riƙewa. Na ce na gaji da riƙo, sakin ne na kasa. Ya ce to in zo da shi haka nan, dama don irinmu aka shimfiɗa teburin. Ya rubuta sunana.

Ba ciniki nake yi da ke ba, kada ki ce Baba ya ci Jibi don in fasa. Ko kin fasa ko ba ki fasa ba, gobe zan ci. Ke babba ce, Abuja kuma idona ba ya kaiwa. In kin shiga ruwan otal ɗin nan ba zan yi miki baki ba, ɗiyata ce ke har in mutu. Zan yi fushi, kin san ni, wataƙila in yi wata ban ɗauki wayarki ba. Amma ba za ki ce ba a faɗa miki wanda ya riƙe moɗa da wanda ya yi aikin ba.

Allah ya kai ki lafiya ya sauke ki lafiya. Ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani a hanyar nan da kowa ya san halinta, ki shiga motar safe kada ki yarda da ta yamma. Ya ba direba natsuwa. Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki, ya sa hannunki ya zama sanyi ga marasa lafiya. Ya ba ki coci inda za a ciyar da ke, ba inda za a auna ki ba. Malam Garba ya ce in gaishe ki, ya ajiye miki gero ki tafi da shi, kada ki ƙi karɓa.

Gobe sujadar Hausa ƙarfe bakwai ce. Istifanus bai yi ƙarya duka ba, gwiwar ta lalace. Zan iya durƙusawa, tashin ne ba na iyawa ni kaɗai. In kin zo, ke za ki kama ni. In ba ki zo ba, shi ne zai fi kusa, shi zai ajiye ƙoƙo ya ɗaga ni a gaban jama'a, kuma zan bari ya ɗaga.

Allah ya kai mu goben lafiya.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus kafinta,
Gidan Dare, Sakkwato.